Mu uku ne a Gombe: mu farfasa manhajarmu mu hau Kubernetes?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Mu uku ne a nan Gombe muka gina wa dillalan taki da iri da maganin feshi manhajar lissafi. Tana riƙe kayan da ke sito, da ciniki, da bashin da ake bin manoma, da kuɗin da aka turo ta banki. Shaguna kamar arba'in ke aiki da ita, daga cikin gari har Kumo da Bajoga da Dukku. A dunƙule take, a kan saba guda, wato kwamfutar da ke ɗauke da ita a intanet. Wani mai son zuba mana jari ya ce sai mun farfasa ta zuwa maikirosabis, mun zuba a kwantena, mun hau Kubernetes, in ba haka ba ba za ta iya girma ba. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, abu uku mutumin nan ya ƙulla maka a ƙunshi ɗaya, alhali ba tare ake sayen su ba. Kwantena ku ɗauka tun makon nan. Farfasa manhaja ku ƙyale shi. Kubernetes kuwa, wato manhajar da ke kula da tarin kwantenoni a kan na'urori da yawa, ku koye shi a kan kwamfutocinku, amma kada ku ɗora masa cinikin mutane tukuna.

Bari in fara da kwantena, tunda shi ne mai amfani a gare ku yau. Da yawa suna ɗauka wata ƙaramar kwamfuta ce a cikin babba. Ba haka ba ne. Manhajarka ce dai take gudana a kan Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, kamar kullum, sai dai an yi mata shinge biyu. Na farko yana taƙaita abin da take gani: ba ta ganin fayilolin wasu, ba ta ganin ayyukan da ke gudana a gefenta, kuma tana da nata adireshin netwok. Na biyu yana taƙaita abin da take ci na ƙwaƙwalwar na'ura da ƙarfin injinta. Injiniyoyin Google ne suka fara aikin shinge na biyun a 2006, ya shiga cikin Linux a 2008. Abin da Docker ya kawo a 2013 shi ne sauƙi: ka rubuta ɗan fayil guda da ke faɗin irin Python ko PHP ɗin da kake buƙata da sauran kayan haɗi, a dunƙule maka su wuri ɗaya, wannan ƙunshin da ake ce wa imej ya tashi iri ɗaya a kan laftof ɗinka da kan saba. Tunda ba ya ɗauke da nasa tushen Linux, aron na gidan yake yi, cikin daƙiƙoƙi yake tashi, ba kamar kwamfutar kwaikwayo ba wadda sai ta kunna tsarinta tun daga farko.

Ribarku a nan ita ce maganar "ai a kwamfutata yana aiki" ta ƙare. In kun fitar da sabon gyara ya zo da matsala ranar da shaguna suka cika, ku mayar da imej ɗin jiya cikin minti ɗaya. Amma ku kula da abubuwa kaɗan. Duk abin da aka rubuta a cikin kwantena, in an share shi ya tafi ke nan, don haka rumbun bayananku dole ya zauna a kan faifan da ke wajensa. Kada ku cusa kalmar sirri ko mabuɗin Paystack, kamfanin da ke karɓar muku kuɗi ta intanet, a cikin imej, domin duk wanda ya sami imej ɗin ya same su. Kowane imej ku ba shi lamba tasa, kada ku riƙa dogara da "na baya-bayan nan". Sannan kada ku riƙa gina shi a laftof kuna turawa da datar waya. Ku bar irin su GitHub Actions su gina shi a can su miƙa wa saba, ku kod kawai za ku tura. Da Docker Compose, fayil guda ya isa ya tayar da manhajar, da rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, da Nginx mai karɓar buƙatu a bakin ƙofa. Shi ke nan batun kwantena.

Yanzu ga babbar maganar. Maikirosabis ba yana nufin ka rarraba kod ɗinka cikin manyan fayiloli daban-daban ba. Yana nufin kowane sashe ya zama manhaja mai cin gashin kanta: ana fitar da ita ita kaɗai, tana da nata rumbun bayanai da babu mai taɓawa sai ita, kuma in tana son wani abu daga 'yar'uwarta sai ta aika ta netwok. Sunan ya bazu ne bayan rubutun da James Lewis da Martin Fowler suka yi a 2014, lokacin da kowa ke kallon Netflix da Amazon. Netflix ta fara ƙaura zuwa AWS, sashen Amazon mai ba da hayar sabobi ta intanet, bayan rumbun bayananta ya lalace a 2008, ba ta gama ba sai farkon 2016. Ka duba tsawon wannan lokaci, ga kamfani mai kuɗi da ɗaruruwan injiniyoyi.

Ciwon da suke nema wa magani shi ne yawan mutane. In injiniya ɗari biyar suna taɓa manhaja guda, kowa na jiran kowa, gyaran wannan na karya na wancan, fitar da sabon abu sai an yi taro. Shi ya sa Amazon ta yi ƙa'idar cewa kada ƙungiya ta wuce wadda fiza biyu za su ƙosar, kowace ƙungiya kuma ta riƙe nata sashe. Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa tsarin da kamfani ya gina yakan ɗauki kamannin yadda mutanensa ke magana da juna. Ku kuma ku uku ne, a ɗaki ɗaya, in ɗayanku ya yi atishawa sauran sun ji. Abin kamar gandu ne: ana raba shi in 'ya'ya sun girma, kowa ya yi iyali, shawara ta fara wuya a tsakaninsu. In aka raba tun ana mutum uku, gonar ba ta ƙaru ba, sai dai yanzu kowa na neman nasa shanun huɗa da nasa rumbu.

Ga inda abin zai cije ku, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Manomi ya zo shago a Kumo ya ɗauki buhu ashirin na taki, ya tura rabin kuɗi ta banki, rabi a rubuta masa bashi zuwa kaka. Yau manhajarku abu uku take yi a numfashi ɗaya: ta rage buhu ashirin daga sito, ta rubuta kuɗin da ya shigo, ta rubuta bashi. Rumbun bayanai ya ba ku tabbacin ko dai duka ukun su shiga, ko kuma babu wanda zai shiga. In wuta ta ɗauke a tsakiya, komai ya koma yadda yake. Wannan tabbaci kyauta kuke samun sa, har kun manta da shi.

To ku farfasa: sito da sabis ɗinsa, biyan kuɗi da nasa, bashi da nasa, kowanne da rumbunsa. Sito ya rage buhu ashirin. Biyan kuɗi ya rubuta nasa. Aka aika wa sashen bashi, sai shiru, har lokacin jira ya ƙare. Ya rubuta ne amsar ta ɓace a hanya, ko saƙon bai isa ba? Mai aikawa ba shi da hanyar sani. In ya sake aikawa, ana iya rubuta wa bawan Allah bashi sau biyu. In bai sake ba, taki ya fita babu bashi a littafi. Ko wanne ya faru, ba ranar za ku gane ba. Sai Disamba, manomi ya sayar da masararsa a Tudun Hatsi ya zo biya da rasit a hannu, lissafinsa da na dillali sun saɓa, dillalin kuma ku zai kira.

Akwai magani, ba na ce babu ba. Kowane ciniki a ba shi lamba ta musamman tun daga waya, yadda ko sau biyar aka aika, sau ɗaya za a rubuta. A riƙa ajiye saƙon da za a aika a cikin rumbu tare da cinikin, wani ɗan aiki ya riƙa kwashewa yana turawa cikin layin jira irin RabbitMQ ko Kafka. Kowane mataki a rubuta masa matakin warware shi, yadda in bashi ya ƙi shiga za a mayar da taki sito. A kafa abin bin sawun buƙata daga sabis zuwa sabis, don in ta maƙale a san inda ta maƙale. Duk wannan kod ne da ku za ku rubuta, ku gwada, ku yi ta reno, kuma babu ɗaya a ciki da zai sa dillali ya ƙara muku ko naira ɗaya. Hatta rahoton wata, wanda yanzu tambaya guda ce ga rumbun bayanai, zai koma tattaro bayanai daga wuri uku ana daidaita su.

Ga kuma wani ɗan lissafi da masu tallan abin ba su cika faɗa ba. A ce kowane sabis yana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, wato yana faɗuwa kamar minti 43 a wata. In buƙata guda sai ta ratsa sabis goma a jere kafin ta kammala, sai ka ninka 0.999 da kansa sau goma, ka sami kusan kashi 99. Wannan ya haura awa bakwai a wata. Farfasawa tana hana faɗuwar ɗaya ta ja sauran ne kawai in an tsara kowanne ya iya ci gaba ba tare da ɗan'uwansa ba, kuma wannan ma aiki ne na daban.

Batun cewa dunƙulalliyar manhaja ba ta girma, wannan ganin kitse ake wa rogo. Shopify, mai ɗauke da shagunan intanet masu ɗimbin yawa, zuciyarsa dunƙulalliyar manhaja ce ta Ruby on Rails da aka tsara ta sashe-sashe a ciki. Stack Overflow, inda ku kanku kuke kwasar amsoshi, ya shekara da shekaru a kan 'yan sabobi ƙalilan. A 2023 wata ƙungiya a Prime Video ta Amazon ta bayyana cewa ta haɗe sassan manhajarta ta duba ingancin bidiyo wuri ɗaya, kuɗin gudanar da ita ya ragu da kusan kashi 90. A yi adalci, manhaja ɗaya ce a cikin kamfanin, ba duka Prime Video ba, kuma masu yaɗa labarin sukan ɓoye wannan. Fowler da kansa ya rubuta a 2015 cewa a fara da dunƙulalliya. Ku ma ku yi naku lissafin: ko da kowane shago cikin arba'in ɗin nan yana ciniki 300 a rana, 12,000 ke nan, a cikin awa goma kuwa ciniki ɗaya ne duk daƙiƙa uku. Saba guda matsakaiciya ba za ta ma san ana yi ba. Ku ninka shagunan sau goma, har yanzu ba ta yi gumi ba, muddin rumbun bayanan yana da fihirisa a inda ya kamata.

Sai Kubernetes. Ina son sa, kada a ce na kushe shi. Google ta fitar da shi a 2014 daga darasin da ta koya a tsarinta na cikin gida mai suna Borg, sigar farko ta fito a 2015, aka miƙa shi ga gidauniyar CNCF. Tunaninsa mai kyau ne. Ba ka ce masa "tayar da wannan, kashe wancan". Kana rubuta masa yadda kake so abubuwa su kasance, misali kwafi uku na wannan manhaja, kowanne da ƙwaƙwalwa kaza. Ya adana wannan a rumbunsa mai suna etcd, sannan ya yi ta kwatanta abin da ke ƙasa da abin da ka rubuta, ba dare ba rana. Kwafi ɗaya ya mutu, ya tayar da wani. Saba guda ta faɗi, ya kwashe kayanta zuwa sauran. Sabon imej ya zo, ya riƙa musanyawa ɗaya bayan ɗaya, ba ya kashe tsoho sai sabo ya amsa cewa ya shirya. In kana da sabis hamsin a kan na'ura talatin, babu mai hankalin da zai ce zai yi wannan da hannu.

Ku kuma kuna da manhaja ɗaya da rumbu ɗaya. Ku duba kuɗinsa. A AWS, kan Kubernetes kaɗai, wato sashen da ke ba da umarni, santi 10 ne duk awa, kusan dala 73 a wata, tun ba ku kunna na'ura ko ɗaya da za ta ɗauki manhajarku ba. A kai sai kuɗin na'urorin, da mai rarraba buƙatu, da datar da ke fita. Duka da dala, ku kuma naira kuke karɓa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, duk wanda ke biyan gajimare, wato hayar saba ta intanet, ya san yadda takardar wata ke ninkuwa ba tare da ya ƙara komai ba. In kuka ce za ku kafa naku don gudun kuɗi, etcd yana aiki da rinjaye ne, don haka sai na'ura uku kafin ya jure mutuwar ɗaya. Ana fitar da sabuwar siga sau uku a shekara, kowacce ana kula da ita wata goma sha huɗu ko kusa da haka, wato sabuntawa ba ta ƙarewa. Wanda ya kafa da kubeadm, kayan aikin kafa Kubernetes, kuma ya manta, takardun shaidar cikinsa suna mutuwa bayan shekara guda, ya wayi gari ba ya iya ba da umarni. A cikin ku uku, wa zai bar rubuta manhaja ya koma wannan? Kuma ka sani, Kubernetes ba ya gyara manhaja mai ciwo. In tana cinye ƙwaƙwalwa tana mutuwa, zai tayar da ita, ta mutu, ya sake tayarwa, kai kuma kana kallon CrashLoopBackOff a allo da ƙarfe biyun dare.

Wani zai ce to a sayi na'urori a ajiye a ofis a Jekadafari. A'a. Wanda ya ga yadda jihohin Arewa suka kwashe kwanaki a duhu a Oktoban 2024 ba zai ɗora littafin bashin mutane a kan janareto da batir ba.

Ni a ganina, abin da zai hana ku girma ba ya cikin saba, yana tsakanin shago da saba. Yaron shago a Dukku ranar kasuwa, ga layi, netwok ya ɗauke: manhajarku tana iya karɓar ciniki ta ajiye a waya, in netwok ya dawo ta tura? In ba ta iya ba, nan za ku zuba ƙarfinku, kuma lambar nan ta musamman ga kowane ciniki da na ambata ita ce ginshiƙinsa. Haka ma saƙon tabbacin biya da Paystack ko Flutterwave ke turo muku: yana iya zuwa sau biyu, yana iya makara, dole manhajar ta jure duka. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Ran nan sabis ɗari a Turai ba su amfani wanda ke Bajoga da komai ba. Wanda manhajarsa ke aiki ba intanet shi ya yi ciniki.

Game da inda za ku ajiye saba, Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, kuma akwai cibiyoyin adana bayanai a Legas irin su Rack Centre. Kada ku ɗauka kasancewa a Afirka na nufin kusa, don sau da yawa Landan ta fi saurin amsawa daga Najeriya saboda hanyar da wayoyin teku suka bi. Ku gwada da layukan da shagunanku ke amfani da su. Ku kuma tuna sunan manomi da lambar wayarsa da bashin da ke kansa bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje.

Abin da zan ba ku shawara shi ne ku gyara cikin gidan ba tare da kun rushe shi ba. Ku ware sito, da ciniki, da bashi, da biyan kuɗi, kowanne ya zama sashe mai iyaka a cikin manhaja guda. Sashen ciniki kada ya sa hannu kai tsaye a teburin bashi, ya bi ta ƙofar da sashen bashi ya buɗe. Wannan horon shi ne mai wuya, kuma wanda ya kasa shi a cikin manhaja ɗaya ba zai iya shi ba in an sa netwok a tsakani; rikicin dai zai rarrabu, ya ƙara wuyar ganowa. Ayyuka masu jan lokaci, kamar tura saƙon tes ga manoma da haɗa rahoton wata, ku cire su daga hanyar mai ciniki, ku ba wani kwantena da ke aiki a bayan fage, daga kod ɗin nan dai guda. Rumbun bayanai a riƙa kwafe shi kullum zuwa wani wuri daban, kuma duk wata ɗayanku ya zauna ya dawo da kwafin a kan wata na'ura ya ga ya tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin damina ta kankama a watan Mayu, lokacin da cinikin taki ke tashi, ku ƙara wa saba ƙarfi. In ta lafa ku rage. In kuna tsoron faɗuwar saba guda, ku yi biyu da mai rarraba buƙatu a gabansu, rumbun kuma ku karɓi hayar wanda kamfanin gajimare ke kula da shi.

Ranar rabuwa za ta zo in Allah ya sa albarka, kuma za ku gane ta. Za ku kai mutum goma sha biyar ko ashirin, ƙungiya ɗaya ta fara jiran wata kafin ta fitar da aikinta. Ko wani sashe ya riƙa cin na'ura fiye da sauran nesa ba kusa ba. Ko banki ya ce ba zai haɗa kai da ku ba sai sashen kuɗi ya zauna shi kaɗai da nasa tsaro. Ran nan sai ku zare sashe ɗaya, wanda ya fi sauƙin zarewa, galibi na tura saƙonni, tunda in ya makara da minti biyar babu wanda lissafinsa ya lalace. Sito da bashi su ne na ƙarshen rabuwa, in ma za su rabu. Kafin nan ku sa ƙaramin Kubernetes irin k3s ko minikube a laftof ku yi ta wasa da shi, don masu ɗaukar aiki suna tambaya, kuma in lokacin ya yi ba za ku zama baƙi ba.

Shi kuma mai jarin, kada ku yi masa gardama da sunayen fasaha. Mai yiwuwa abin da yake tsoro shi ne kada kuɗinsa ya shiga abin da zai durƙushe in shaguna sun kai ɗari biyar, kuma yana da gaskiyar jin wannan tsoron. Ku gwada manhajar da cinikin ƙarya ninki ashirin na wanda kuke samu yanzu, da k6 ko Locust, ku nuna masa sakamakon. Ku faɗa masa minti nawa kuke ɗauka kafin gyara ya isa shaguna, minti nawa kafin ku dawo in saba ta mutu gaba ɗaya, da naira nawa kowane shago ke ci muku a wata. Sannan ku rubuta masa abin da wannan adadi na ƙarshe zai koma in an hau Kubernetes da sabis takwas, har da albashin mutum na huɗu da za a ɗauka don ya kula da su.